Ƙas Ashirin da Uku

Ranar Talatar farko ta watan Satumba na sa sukudireba a saitin bayan bindigar Gradimir, na murɗa, sukurun ya ƙi tafiya. Na ƙara ƙarfi kaɗan, ko gezau. Na san ba tsatsa ba ce, don ni nake share bindigar nan shekara talatin da ɗoriya. Sukurun ya kai ƙarshen hanyarsa ne kawai, babu sauran inda za shi. Na zauna a kujerar shagona riƙe da ita.

Sunana Obrad, ni ne mai gyaran bindigogi a kulob ɗin harbi na garinmu, wanda ke ƙarƙashin ginin tsohuwar masaƙa. Da can mun haura mutum ɗari. Yanzu mu goma sha ɗaya ne, in an haɗa da Zagorka mai dafa mana kofi, wadda ita ma ta yi harbi a zamaninta kafin gwiwa ta zaunar da ita. Gradimir kuwa kum ɗina ne, "kume" muke kiran juna. Ni na tsaya masa a coci ranar da ya auri Milanka, ni na riƙe 'yarsa ranar baftisma. Mutum yakan ɓata da ɗan'uwansa na jini su shekara ba sa gaisawa, ba wanda zai ɗaga kai. Amma wanda ya cuci kum ɗinsa, har jikokinsa sai an nuna su da baki.

Tun muna samari muka raba aiki, hannu nasa ne, ƙarfe nawa. Bai taɓa sa sukudireba a bindigarsa ba. A sef ɗin kulob take kwana, makulli kuma yana aljihuna. Shi dai ya zo, in miƙa masa ita, ya tsaya a layi, hannun hagu a aljihu, ya ɗaga na dama ya nufi takardar da ke mita ashirin da biyar. Ni kuma ina bayansa a kujera, idona a madubin hange. In ya harba, kafin in ce komai sai ya yi kira, wato ya faɗi inda ya ji harsashin ya faɗa, da lambar zoben da ke jikin takardar da kuma ɓangare, kamar ana karanta agogo.

"Goma, ƙarfe biyu."

"Goma, ƙarfe biyu," in ce.

Maharbin da kiransa ke dacewa da ramin da ke takarda, ko ya ci bakwai yana nan da sauransa, don ya san abin da hannunsa ya yi. Wanda ya kira goma aka ga bakwai kuwa, ɗayan biyu ne: ko bindigarsa ta lalace, ko shi ya ƙare. Kiran Gradimir bai taɓa ƙarya ba. Da shi yake alfahari, fiye da lambobin da ke rataye a falonsa.

Shekara biyu da rabi ke nan da Milanka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ranar da aka yi mata arba'in, bayan mutane sun watse daga cin abinci, muka rage mu biyu da kwalbar giyar da muke kira rakiya da faranti marasa wanki. Ya daɗe yana juya kofinsa kafin ya yi magana.

"Kume, yanzu Talata da Juma'a kawai suka rage min. Sauran ranakun ban san me ake yi da su ba."

"Ka riƙa zuwa shago ka taya ni hira."

"In taya ka hira ko in ji ƙorafinka? A'a. Amma ka ji abin da zan gaya maka. Ranar da kirana ya fara ƙarya, ranar zan kai bindigar nan ofishin 'yan sanda in miƙa musu, in dawo gida in rufe ƙofa."

Gradimir ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. A wannan zaman ne kuma na lura da hannunsa. Ya ɗora tafin dama a tebur zai tashi, sai na ga ƙaramin yatsansa bai kwanta ba, ya ɗan lanƙwashe, kuma akwai wani ƙulli a tafin kamar an cusa ƙwayar wake ƙarƙashin fata. Da ya ga ina kallo sai ya mayar da hannun aljihu.

Bayan wata huɗu harsasansa suka fara zamewa hagu. Ba da yawa ba. Ya kira goma tsakiya, in ga goma a gefen hagu. Ya kira tara ƙarfe uku, in ga goma. Yatsan nan ne yake matse ƙotar bindigar daidai lokacin da kunama ta saki, shi bai ma ji ba. Na gane haka a cikin mako biyu, don aikina ke nan. Abin da ya kamata in yi shi ne in ce, kume, nuna min hannunka. Na yi niyya har sau uku, ina buɗe baki sai in tuna maganar rufe ƙofa. Wata Juma'a kafin ya iso na ɗauko bindigar, na murɗa saitin baya zuwa dama, ya ce ƙas, sau ɗaya. Ƙas ɗaya rabin santimita ne a takarda. Ranar kiransa ya koma daidai, ya fita yana fito.

Na ce wa kaina sau ɗaya ne. Bayan wata guda na ƙara. Ban taɓa ƙirgawa ba, ban so in san adadin ba. Yatsa yana lanƙwashewa, ni ina bin sa da sukudireba. A haka ya ci lambar azurfa ta tsofaffi a bara, ya zo ya rataya min ita a wuya a gaban mutane, ya ce rabinta tawa ce. Na yi dariya tare da kowa, amma ban iya cin abincin ranar ba.

To, yanzu sukuru ya ƙare, yatsa kuwa bai tsaya ba. Ga gasar tsofaffi a birnin Nish ƙarshen Oktoba, ya riga ya sa sunansa.

Mako biyu bayan haka abin ya fito fili. Ya harba biyar, ya kira goma uku da tara biyu. Na ga tara uku da takwas biyu, duk a ƙarfe tara. Ramin da ke takarda ba ya ɓoyuwa, don haka na faɗa masa yadda suke. Ya ajiye bindigar, ya zare abin toshe kunne, ya juyo.

"Maimaita."

Na maimaita.

"Bindigarka ta haukace, kume."

"Yau kuma tawa ce?"

"In ta ci goma tawa ce. In ta ci takwas taka ce. Ka duba ta."

Na ce zan duba. Abin kunya, sai na ji sanyi a raina da ya ɗora laifin a kan ƙarfe.

Daga nan na shiga aikin da ban taɓa yin irinsa ba, neman cutar da na san babu ita. Na fara da dalma. Na ce ƙila ta taru a cikin bututun, na jiƙa shi da mai, na goge har tsumma ya fito fari tas. Ranar Juma'a harsasai suka tafi hagu. Na ce harsasan ne, wannan kwalin da aka kawo mana bai yi kama da na da ba. Na buɗe masa kwalin da nake ɓoyo don gasa, masu tsada. Suka tafi hagu, sai dai sun fi na baya haɗuwa wuri ɗaya. Na sa gilashin ƙara girma na duba bakin bututun ko ya ɗan guntule, na nuna masa wani tabo da ni kaina ban gani ba, na kwana biyu ina gyara abin da lafiyarsa ƙalau. Na ɗaure duk wani sukuru da ke jikinta. Na auna nauyin kunama. Har fitila na sa aka sauya, na ce hasken da ke zuwa ta dama yana yaudarar ido, kuma wannan gaskiya ne a wasu lokutan, shi ya sa ƙaryar ta zauna.

Shi kuwa Gradimir ya ba ni haɗin kai kamar mai jinyar ɗa. Yakan zo shago da burek, gasasshen ƙullun fulawa mai nama a ciki, a takarda, ya zauna yana kallon hannuna.

"Ba ka ganin sanyi ne? Ɗakin nan ya yi danshi bana."

"Yana yiwuwa."

"Ko mai ne ya yi yawa? Kai da mai kamar matar da ke soya kifi."

"In ka fi ni sani karɓi sukudireban."

"Allah ya kiyaye. Ni da na taɓa gyara famfo gidan ya cika da ruwa."

Duk zaman nan hannun dama yana aljihu, da hagu yake cin burek ɗin. Kofi ma da hagu yake ɗauka yanzu. Ban sani ba ko yana ɓoye min ne ko kansa yake ɓoye wa.

Akwai abu ɗaya da na gwada da gaske. Ƙotar irin bindigoginmu ana sassaƙa ta ne daidai da tafin mai ita, kowane yatsa da gurbinsa. Na yi tunanin in na rage katako a gurbin ƙaramin yatsa, matsin zai ragu. Na ɗauki kwana ɗaya ina gogewa kaɗan-kaɗan. Da ya riƙe ta ranar Talata, ko ɗagawa bai yi ba ya ajiye.

"Wa ya taɓa ƙotar nan?"

"Na ɗan goge ta, ta yi santsi."

"Ka mayar min da ita yadda take. Ƙarfe na ce ka duba. Katako me ya yi maka?"

Na cike gurbin da garin katako da gam. Milimita biyu na cire, hannunsa ya ji nan take. Sai na ga ashe hannun bai mutu ba, yana nan da hankalinsa, ni ne na shekara biyu ina hana shi jin gaskiya.

Zagorka ce ta tare ni. Wata Juma'a da hantsi, kafin kowa ya zo, ta kawo min kofi shago ta ƙi fita. Mace ce da ba ta san kwana-kwana ba, mijinta ma tsoronta yake ji har ya mutu.

"Maistor Obrad, babban gwanin gyara, saura me? Ka wanke bututu, ka sauya harsashi, ka sauya fitila. Sai fenti ko? Ko za mu kira fadan coci ya yayyafa mata ruwa?"

"Ki je ki duba tukunyarki."

"Tukunyata lafiya take. Ni ma na riƙe bindiga shekara goma sha takwas, kar ka mayar da ni 'yar ƙauye. Na ga hannunsa. Ni nake ba shi kofi, na san da wane hannu yake karɓa."

Na ci gaba da goge abin da ba ya bukatar guga.

"Abin da ban gane ba," ta ce, "yadda aka yi mutum da yatsa haka ya ci azurfa bara." Ta kalli bindigar da ke gabana, ta kalli sukudireban, ta kalle ni. Ta ja kujera ta zauna. "Kai, Obrad. Tun yaushe?"

"Tun bayan Milanka."

"Allah ya shirye ka."

"Cewa ya yi zai rufe ƙofa. Kin san shi."

"Na san shi. Na kuma san ƙanin mijina, irin ciwon nan ya yi. Da wuri ya je, aka tsaga tafin, yatsa ya miƙe, har yau yana aski da hannun. Likitan ya ce masa da ya bari ya kai tafi, gaɓar ta ƙage, da ko an yi aikin ba lallai ya dawo ba. Ka ga na Gradimir kwanan nan?"

Na gani. Ƙaramin ya kusa taɓa tafi, na kusa da shi ma ya fara bin sa.

"Ka gaya masa yau," ta ce.

"Bayan Nish."

"Ya je Nish ya ci takwas-takwas a gaban mutanen da suka san shi shekara arba'in? Kai dai tsoro kake ji, kana kiransa tausayi."

Na ce ta fita min daga shago. Ta fita, ta bar kofin. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushinta har yamma.

Ban gaya masa ranar ba, ban gaya masa Talatar da ta biyo ba. Na shirya maganar a kaina ya fi sau ɗari, a kan keke, a layin burodi, a gaban madubin aski. Kowane salo na ɗauko, ƙarshensa ɗaya ne: kume, shekara biyu ina yi maka ƙarya da hannuna. Babu yadda za a faɗi wannan ya yi daɗin ji.

Saura kwana tara a tafi Nish ya shigo shago da safe, ba burek, ba gaisuwar kirki. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ciro bayis ɗin nan."

Muna da wani tsohon bayis na ƙarfe da ake kafewa a teburin layi. Ana cire ƙotar bindiga a matse ta a ciki, a daidaita saiti da takarda, a ja kunama da waya. Ba hannun mutum a ciki, saboda haka duk inda harsashi ya tafi, bindigar ce ta kai shi. Shi ne abu na farko da kowane mai gyara zai yi. Ni kuwa mako shida ina kewaye shi.

"Bayis ɗin ya saki," na ce. "Ba zai nuna gaskiya ba."

"Jiya na gan ka ka gwada bindigar likitan haƙorin nan na kulob a ciki."

"Kume..."

"Ban yi barcin kirki ba wata guda, Obrad. Ina so in gani da idona cewa ita ce. In ita ce, sai in ari taka in je Nish, ba abin kunya ba ne. Ciro shi."

Bai cika kirana da sunana ba. Na ciro bayis ɗin.

Mu uku ne kawai a wurin, don Zagorka ta fito daga kicin ta tsaya jikin bango, hannuwanta cikin aljihun gaban riga. Na kafe bayis, na cire ƙota, na matse bindigar. Na miƙa hannu zan daidaita saiti, a raina ina tunanin in karkatar da ita hagu kaɗan yadda ba zai lura ba. Har a lokacin ban daina neman hanyar ƙarya ba. Ya riƙe min kafaɗa.

"Bari ni in saita. Ido dai nawa ne."

Ya sa tabaransa, ya durƙusa, ya daɗe yana ce min dama kaɗan, sama kaɗan, har ya gamsu. Na ɗaure. Na sa harsashi biyar. Shi ya ja wayar da kansa, sau biyar, yana jira tsakanin kowanne kamar a gasa. Sannan ya ture ni daga kujera ya sa ido a madubin.

Na ga bayansa ya miƙe. Ya yi wata dariya da na daɗe ban ji ba.

"Ka gani? Zo ka gani, tsohon banza. Biyar ɗin a rami ɗaya, amma a shida. Shida, kume. Na ce maka ita ce. Zagorka, zo ki ga abin da maistor ɗinku ya kasa ganowa mako shida."

Zagorka ba ta motsa ba. Ni ma ban motsa ba. Ya sake sa ido a madubin yana murmushi, yana girgiza kai. A hankali murmushin ya tsaya.

"Ƙarfe uku," ya ce. Ya ɗago. "Wannan dama ne."

"Dama ne."

"Nawa kuma hagu suke tafiya."

Gradimir injiniya ne a masaƙar nan kafin a rufe ta, lissafi ba ya yi masa wuya. Na ga yana yin sa a fuskarsa: bindiga tana kai harsashi dama da faɗin tafin hannu, amma a hannunsa yana faɗawa hagu da tsakiya. Ya zaro hannun daga aljihu, ya buɗe shi gwargwadon yadda zai buɗu, ya kalle shi a ƙarƙashin sabuwar fitilar da na sa aka saka.

"Ba ni gilashinka," ya ce. "Da sukudireba."

Na miƙa masa. Ya sunkuya kan saitin baya. Ranar da na fara saita masa bindigar nan, muna da gashi baƙi, na yi wani ɗan zane da allura a jikin ƙarfen, alamar inda saitin ya zauna daidai, na nuna masa. Ni na manta ya sani. Ya samo zanen. Saitin ya gota shi da abin da bai fi kaurin farce ba. Duk ƙaryata ta shekara biyu iyakarta ke nan a ido.

Ya sa sukudireban da hannun hagu, bai iya ba, ya zame sau biyu. Na matso zan taya shi, ya ɗaga min gwiwar hannu. Ya fara murɗawa baya, yana ƙirgawa a fili. Wurin shiru, ana jin kowane ƙas. Ya kai goma bai kalle ni ba. Ni ma a lokacin nake jin adadin karon farko.

"Ashirin da uku," ya ce, ya ajiye sukudireban a hankali. "Tun yaushe?"

"Wata huɗu bayan arba'in ɗin Milanka."

"Azurfar bara fa?"

"Kai ka harba ta."

"Ƙas nawa ne a lokacin?"

"Ban ƙirga ba. Goma sha biyu, ƙila."

Ya gyaɗa kai. Na so ya zage ni. Na so ya jefe ni da sukudireban, da na san abin da zan yi da wannan. Sai kawai ya zauna a bakin tebur yana shafa tafinsa da babban yatsan hagu.

"Kai ka ce za ka rufe ƙofa," na ce. "A gabana ka faɗa. Me kake so in yi? In zauna in kalle ka?"

"Na faɗa."

"To?"

"Da ka gaya min, da na yi fushi da kai mako biyu. Ƙila wata guda." Ya ɗaga hannun. "Lokacin nan yatsan yana miƙewa in na danna shi a tebur. Na gan shi, ba makaho ba ne ni. Kullum da safe ina kallonsa in ce gobe zan je asibiti. Sai in zo nan in harba, in kira goma, ka ce goma. Sai in ce, to, tunda bai taɓa harbi ba, ba komai ba ne, tsufa ne. Da takardar nan nake auna shi, kume. Ba ni da wani ma'auni."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Shekara biyu ina ganin kaina mai rufa masa asiri, ashe ni ne na riƙa ce masa lafiyarsa ƙalau sau biyu a mako. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake.

"Har yanzu ana iya zuwa," na ce. "Zagorka ta san wani likita."

"Na je. Makon jiya, da 'yata ta matsa min a waya. Likitan ya ce zai gwada gyara yatsa na biyun. Ƙaramin kuwa, ya ce kar in sa rai." Ya ɗan yi murmushi. "Amma na ce masa ba ya hana ni harbi, bindigar ce take da matsala. Har na yi masa bayanin dalma."

Zagorka ta juya fuskarta bango.

Ya ce in mayar da ƙotar. Na kwance bindigar daga bayis na ɗaura mata ƙota, sukuru ɗaya ya faɗi ƙasa sai da na durƙusa na nemo shi. Na sa sabuwar takarda, na sa harsashi biyar. Ya sa abin toshe kunne, ya tsaya a layi yadda ya saba, ƙafa a inda fentin ƙasa ya goge saboda tsayuwarsa. Na koma kujerata don ban san inda zan tsaya ba in ba can ba. Ya cusa yatsun a gurbinsu da taimakon hannun hagu, ya ɗaga, ya sauke numfashi, ya harba.

Ya daɗe bai yi kira ba. Bindigar tana ƙasa, kansa a sunkuye.

"Goma," ya ce. "Tsakiya. Haka na ji ta."

Na duba.

"Biyar, ƙarfe tara."

Ya cire sauran harsasan, ya buɗe bindigar ya ajiye. Ya ɗaga katakon da ke tare layi ya shiga fili, ya taka mita ashirin da biyar ɗin nan a hankali har gaban takardar. Tun da muke bai taɓa zuwa duba abin da na riga na faɗa masa ba. Ya sunkuya, ya sa yatsa a ramin, ya tsaya haka. Sannan ya dawo, ya sauke katakon, ya ɗauki bindigar ya fara mayar da harsasan ɗaya bayan ɗaya.

"Biyar ne," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Saura huɗu, zan ƙarasa su. Zagorka, don Allah zo ki zauna a madubin."

Ta kalle ni. Na tashi na ba ta kujerar, na rage mata tsayin madubin don ta fi ni gajarta.